BABI NA UKU: RAYUWA DA SANA'AR YUSUF LATIF DA DANGANTAKARSA DA KIƊAN HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan rabe-raben makaɗan Hausa da kayan kiɗan da kowane rukuni yake amfani da su. A wannan babi kuwa za a waiwayi kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, wato buluz da jaz da sol, domin a ga inda ya haɗu da kiɗan Hausa da kuma inda suka raba hanya. Tun da yake makaɗan waɗannan fannoni suna da yawan gaske, an zaɓi mutum ɗaya don ya zama madubi, shi ne Yusuf Latif, wanda ake rubuta sunansa Yusef Lateef a jikin fayafayansa. Dalilin zaɓensa shi ne, ya zauna a Zariya na tsawon shekara huɗu yana nazarin kaɗe-kaɗe da bushe-bushen wannan ƙasa, ya kuma bar rubutu a kansu. Za a kawo ma'anar waɗannan kaɗe-kaɗe a taƙaice, da matsalar sanin ranar haihuwar makaɗa, sannan tarihin shi Latif da aikinsa, daga ƙarshe a dubi abin da wannan tarihi yake nuni da shi game da halin da kiɗa yake ciki a Kano.

3.1 Ma'anar Buluz da Jaz da Sol

Buluz shi ne mafi daɗewa a cikin ukun. Ya samu ne a kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a tsakanin jikokin bayi masu aikin gonakin auduga. Yawanci mutum ɗaya ne yake yin sa da jita a hannunsa, yana kuka da talauci ko rabuwa da masoyi ko wulaƙancin ubangida. Baitinsa layi uku ne: a faɗi layin farko, a maimaita shi, sannan a kawo na uku ya warware maganar. W. C. Handy, wanda aka haifa ranar 16 ga Nuwamba, 1873, yana cikin waɗanda suka fara rubuta shi a takarda suna sayarwa tun daga 1912.

Jaz kuwa kiɗan taro ne na mabusa da makaɗa, wanda ya bunƙasa a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, aka kuma fara ɗaukarsa a faifai a 1917. Babbar alamarsa ita ce ƙirƙira nan take. Ana ɗora karin da kowa ya sani, sai kowane mabushi ya karɓa ya yi nasa sarrafawar, ba tare da ya tsara ta tun daga gida ba. Shi kuma sol ya biyo baya ne a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles, haihuwar 23 ga Satumba, 1930, suka ɗauko salon waƙoƙin majami'a suka zuba masa zancen duniya. Aretha Franklin, haihuwar 25 ga Maris, 1942, da James Brown, haihuwar 3 ga Mayu, 1933, su ne suka kai shi ƙololuwa. James Brown ma ya zo Nijeriya ya yi wasa a Legas a 1970.

3.2 Matsalar Ranar Haihuwar Makaɗa

Duk mai nazarin tarihin makaɗan Hausa ya san cewa abu na farko da yake ba shi wahala shi ne shekarar haihuwa. A da Bahaushe ba ya rubuta ranar da aka haifi ɗansa, sai dai ya danganta ta da wani abin da ya faru, kamar sarautar wani sarki ko shekarar fara ko wata yunwa irin ta Kakalaba. Wannan ya sa shekarar 1923 da ake bayarwa ga Alhaji Mamman Shata kirdado ce da aka yi ta hanyar kwatanta shi da tsararrakinsa. Ranar rasuwarsa kuwa, 18 ga Yuni, 1999, ba a yin gardama a kanta, domin zamanin rubutu ya riga ya zo.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Hausawa ba. Louis Armstrong, mabushin ƙahon nan da ya ziyarci Nijeriya a 1960 har aka ɗauke shi hoto da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, ya rayu ya mutu yana cewa an haife shi ranar 4 ga Yuli, 1900. Sai bayan rasuwarsa a 1971 da fiye da shekara goma aka gano littafin majami'ar da aka yi masa wankan baftisma a New Orleans, wanda ya nuna ranar 4 ga Agusta, 1901. Dalilin iri ɗaya ne a wurare biyun: makaɗi ɗan talakawa ne, kuma ba a cika damuwa da ajiye tarihin talaka ba sai bayan ya yi suna. Yusuf Latif yana cikin waɗanda suka tsira daga wannan ruɗani, saboda ranar haihuwarsa a rubuce take, kuma shi da kansa ya bayar da tarihin rayuwarsa a littafin da ya fito a 2006.

3.3 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Yusuf Latif ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. A cikin wannan shekara ce Mamie Smith ta yi faifan da ya buɗe wa mawaƙan buluz baƙaƙen fata ƙofar kasuwa, ke nan shi da kasuwar wannan kiɗa tsara ne. Iyayensa suna cikin dubban baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudu zuwa arewacin Amurka don neman aiki a masana'antu. Sun fara yada zango a jihar Ohio, sannan a 1925 suka tare a Detroit, birnin ƙera motoci. A can ne mahaifinsa ya sauya sunan gidansu zuwa Evans, shi ya sa a farkon sana'arsa aka san shi da William Evans.

Detroit ta wancan lokaci matattarar makaɗa ce. A cikinta ya taso tare da irin su Milt Jackson da Kenny Burrell, kuma a cikinta ne daga baya, a 1959, Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown wanda ya yaɗa kiɗan sol a duniya. Latif ya fara da busa saksofon tun yana makarantar sakandare. Da ya ƙware sai ya shiga bin ƙungiyoyin makaɗa suna yawo gari-gari, har a 1949 ya samu shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin jagororin sabon salon jaz na lokacin. A wajejen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan ƙungiyar Ahmadiyya, ya kuma ɗauki sunan Yusuf Latif. A 1950 ya koma Detroit ya shiga Jami'ar Wayne yana koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa.

3.4 Sana'arsa Kafin Zuwansa Nijeriya

Daga 1957 ne ya fara fitar da fayafayai da sunansa. Abin da ya bambanta shi da sauran mabusa shi ne kwaɗayinsa ga kayan busa na wasu al'ummu. Bayan saksofon da sarewa, ya iya busa obo, wadda ba a saba jin ta a jaz ba, ya kuma shigo da argul ta Masar da shanai ta Indiya da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin. Faifansa mai suna Eastern Sounds, wanda aka ɗauka a 1961, shi ne ya fi shahara a wannan fage.

Har ila yau, tun kafin ya taka ƙasar Nijeriya ya riga ya yi hulɗa da makaɗanta. Bayan ya koma Niyok a 1960 ya yi aiki da Babatunde Olatunji, ya kuma yi busa a faifan Uhuru Afrika na Randy Weston wanda aka yi don murnar samun 'yancin ƙasashen Afirka. A 1962 ya shiga faifan The African Beat na Art Blakey tare da Solomon Ilori, makaɗin Yarabawa. Daga 1962 zuwa 1964 yana cikin ƙungiyar Cannonball Adderley. Duk da wannan shahara bai saki karatu ba. Ya sami digiri na farko a 1969 da na biyu a 1970 a Makarantar Kiɗa ta Manhattan, sannan ya sami digirin digirgir a fannin ilmi daga Jami'ar Massachusetts a 1975, inda ya rubuta kundinsa a kan kwatanta ilmin Turawa da na Musulunci.

Akwai wasu halaye guda biyu nasa da ya kamata a lura da su, domin suna da alaƙa da matsayin makaɗi a ƙasar Hausa. Na farko, ya ƙi yarda a kira kiɗansa jaz, saboda a ganinsa kalmar tana ɗauke da ma'anar raini da batsa. Maimakonta sai ya ƙirƙiro wani dogon suna wanda ma'anarsa ita ce kiɗan da yake fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Na biyu, daga wajen 1980 ya daina yin wasa a gidajen da ake sayar da giya, alhali kuwa a nan ne abincin mafi yawan mabusan jaz yake. Idan aka dubi yadda Bahaushe yake haɗa makaɗi da roƙo, da yadda aka daɗe ana danganta goge da gidajen giya da na mata masu zaman kansu, za a ga cewa damuwar Latif ba baƙuwa ba ce a nan. Shi ma neman raba sana'ar yake yi da ƙaurin sunan wurin da ake yin ta.

3.5 Zamansa a Zariya, 1981 zuwa 1985

A 1981, yana da shekara 60 a duniya, Latif ya karɓi muƙamin babban manazarci a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya zauna a can har zuwa 1985. Aikinsa ya ƙunshi bincike da koyarwa da kuma yin aiki tare da makaɗa da 'yan rawa na cibiyar.

Abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sarewa, wadda aka fi sanin Fulani makiyaya da ita. Sarewa abar busa ce mai sauƙin ƙira, ana yin ta da kara ko itace ko bututun ƙarfe, da 'yan ramuka kaɗan da ake toshewa da yatsu. Ga wanda ya saba da sarewar Turawa mai maɓallai da yawa, zai ɗauka babu abin koyo a cikinta. Amma gwanintar tana ga numfashin mabushi da yadda yake karkata bakinta da yadda yake toshe rabin rami ya fitar da amon da yake tsakanin amo biyu. Irin wannan amo na tsakani shi ne gishirin buluz, kuma shi ne Latif ya daɗe yana nema a kayan busa na Gabas. Haka kuma algaita, wadda ake busa wa sarakuna, dangi ɗaya ce da obo da shanai ta fuskar ƙira, domin dukkansu harshe biyu ne a bakinsu yake kaɗawa ya ba da amo. Mai algaita yana tara iska a kumatunsa yana shaƙar wata ta hanci don kada busar ta yanke, dabarar da wasu mabusan jaz irin su Roland Kirk su ma suka yi fice da ita.

Wannan zama ya haifar da abubuwa uku da suke nan har yanzu. Na farko shi ne faifan Hikima na 1983, wanda ya yi tare da makaɗan cibiyar, aka kuma ba shi sunan Hausa. Na biyu shi ne faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna 'yan Nijeriya, ya fito a Amurka a 1985. Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga ɗalibin Hausa, shi ne littafin Hausa Performing Arts and Music da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola, aka buga a Legas a 1987. Wannan littafi ya zo ne bayan ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, kuma bambancinsa shi ne ɗaya daga cikin marubutansa mabushi ne da ya san abin daga ciki.

Bayan komawarsa Amurka ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Massachusetts. Faifansa na 1987 mai suna Little Symphony ya ci kyautar Grammy, a 1992 ya kafa kamfanin fayafayai na kansa, a 2010 kuma hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi daraja da ake ba makaɗan jaz. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, a jihar Massachusetts, yana da shekara 93.

3.6 Shin Buluz Daga Ƙasar Hausa Ya Fito?

Tambayar da takan taso a nan ita ce, ko kamannin da Latif ya tarar a Zariya hujja ce ta cewa kiɗan baƙaƙen Amurka daga ƙasar Hausa ya samo asali. Masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 sun nuna cewa buluz ya fi kama da kiɗan yankin Sudan ta Yamma, wato daga Senigal zuwa tafkin Cadi, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Hujjojin sun haɗa da waƙar mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, da jan murya tana lanƙwasa a kan gaɓa ɗaya, da gina kari a kan amo biyar. Duk wanda ya saurari kuntigin Ɗan Maraya Jos ko kukumar Garba Supa zai gane abin da ake nufi. An kuma ƙara da wani dalili na tarihi: bayan tawayen bayi na 1739 a Carolina ta Kudu an yi dokar hana bayi buga ganguna, don haka masu kayan tsirkiya suka fi samun damar riƙe sana'arsu.

Sai dai akwai buƙatar a yi hattara. Yawancin Hausawan da aka kai ƙetaren teku an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, alhali Amurka ta haramta shigo da bayi tun daga 1808. Wannan ya sa aka fi kai su Bahia ta ƙasar Birazil, inda suka jagoranci tawaye a 1807 da 1809 da 1814. Waɗanda aka kai Amurka daga yankin Sudan galibinsu mutanen Senigal da Gambiya da ƙasar Mande ne. Saboda haka abin da hujja za ta iya ɗauka shi ne, kiɗan Hausa da buluz 'yan dangi ne da suka sha daga rijiya ɗaya, ba wai ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane.

3.7 Abin Lura Ga Makaɗan Kano

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Shata ya rasu, yana kan titin Zariya ne daura da Gyaɗi-Gyaɗi, a ƙaramar hukumar Tarauni. Ba nisa daga nan titin Gidan Zu ya fara, wanda ya zama matattarar ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa bayan da harkar finafinan Hausa ta kankama daga 1990. A waɗannan ɗakuna, tun daga ƙarshen shekarun 1990, fiyano ce ta maye gurbin makaɗa. Mutum ɗaya yakan danna maɓalli ya fitar da amon da ya yi kama da sarewa ko kalangu, ba tare da an ɗauko mai sarewa ko mai kalangu ba. Daga baya kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa aikin.

Ba za a musa amfanin wannan sauyi ba, domin ya rage tsada, ya kuma ba matasan da ba su gaji kiɗa ba damar shiga sana'ar. Amma akwai asara a cikinsa. An gina fiyano ne a kan ma'aunin amon Turawa, wanda ya raba kari gida goma sha biyu daidai wa daida, don haka amon tsakani da mai sarewa ko mai goge yake fitarwa da yatsansa ba ya cikin maɓallanta. Ke nan abin da ya ɗauko dattijo mai digirin digirgir daga Amurka zuwa Zariya shi ne abin da ya fi saurin salwanta a ɗakin ɗaukar waƙa. Bugu da ƙari, sana'ar busa ta gado ce, ɗa yake koya wajen uba ko yaro wajen ubangida. Idan aka daina kiran mabushi wajen biki da ɗaukar waƙa, ɗansa ba zai ga dalilin koyo ba, kuma ilmin da ba a rubuce yake ba yana bin mai shi kabari.

Haka abin yake ta fuskar ajiye tarihi. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ya fito ne a 2006, shekarar da tarihin Latif ya fito. Bambancin shi ne, Latif yana raye ya ga nasa, Shata kuwa ya yi shekara bakwai da rasuwa. Wannan ya nuna cewa ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'i su riƙa tura ɗalibai wajen makaɗa da mabusa tun suna raye, a ɗauki amon kayansu, a rubuta shekarunsu da sunayen waɗanda suka koya musu.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an kawo ma'anar buluz da jaz da sol, an kuma nuna cewa rashin tabbas game da ranar haihuwar makaɗa matsala ce da Hausawa da baƙaƙen Amurka suka yi tarayya a cikinta. An bi tarihin Yusuf Latif tun daga haihuwarsa a 1920 har zuwa rasuwarsa a 2013, tare da tsayawa a kan shekaru huɗun da ya yi a Zariya da ayyukan da suka fito daga cikinsu. An kuma tabbatar da cewa akwai dangantaka tsakanin kiɗan Hausa da buluz, amma ta 'yan'uwantaka ce, ba ta uba da ɗa ba. A babi na gaba za a ɗauki sarewa da algaita ɗaya bayan ɗaya, a yi bayanin ƙirarsu da yadda ake busa su da kuma lokutan da ake amfani da su a ƙasar Kano.